Alƙali Ya Sake Ni, Abokai Sun Guje Ni

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sale daga Kokoro, shekarata goma sha bakwai, ina haya da babur. Bara na ɗauko fasinja a Kasuwar Kilomita Biyar, ashe wayar sata ce a aljihunsa. Aka kama mu tare, aka tsare ni cikin manya. Ban ma san ina da haƙƙin ganin lauya ba. Daga baya alƙali ya ce ba ni da laifi. Amma yanzu in na zauna wurin mai shayi, sai hira ta mutu. Aminina ya ce, "Baba ya hana ni yawo da kai." Malam, ina zan kai wannan ƙarar? Ina gaida abokaina, ko ba su amsa ba.