Tsohon Wa'azin Malam

Wani dattijo ya tsaya a rumfar mai sayar da kaset na wa'azi.

"Kana da wa'azin Malam na da, kafin ya hau mulki? Wanda ya ce duk shugaban da jiniyarsa ta kori talaka daga titi zai amsa tambaya a lahira?"

Mai rumfar ya waiwaiga. "Baba, mutanen ofishinsa sun kwashe su tas. Guda na ɓoye. Me za ka yi da shi?"

"Ni ne direbansa. Kullum jiniya na gabanmu."

"Ba ka tsoron ya sallame ka?"

"Ina tsoro mana, ɗana. Amma gobe zan kunna masa a mota. So nake in ga ko zai gane muryar."