Kekunan nan biyu na Illo

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya ja zamani. Allah gafarta Liman da na'ibinsa. Mai Unguwa, dattawan gari, baƙinmu na Illo da Lolo da Kaoje, da waɗanda sunka ƙetaro daga Binin, sannunku da hanya. Hajiya Batulu, Zulkiflu da ƙannenka, sannunmu da haƙuri.

Ni ne Bunyaminu. Ban yi boko ba, abin da na gani a kaina yake. An ce za a rubuta maganata a rarraba. To, a rubuta yadda na faɗe ta, kar a gyara mini.

Kuna ganin keken can da aka jingine a gindin darbejiya. Na marigayi Badamasi ne, wanda muke kira Bada. Ya bar wasiyya a ba ni shi. Sau uku ɗansa Zulkiflu yana turo shi ƙofar gidana cikin kwana arba'in ɗin nan, sau uku ina mayar da shi. Liman ya ce ba a barin wasiyya a rataye, yau in ba da amsa gaban jama'a. Zan bayar. Amma sai kun ji dalili.

Shekara goma sha huɗu ke nan wani ɗan kasuwa, Abdulganiyu, ya sauke kayan gwanjo a Illo. Cikinsu akwai kekunan tsere guda biyu, masu kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Tsawonsu kusan ɗaya, giyarsu ɗaya, har fentinsu shuɗi ne duka. Ni da Bada tun muna samari muke tuƙa baƙin keke da buhu a baya, ba mu taɓa hawa irin wanga ba. Munka tsaya muna kallo kamar an ɗaure mu.

Na girme shi da damina ɗaya. Kun san yadda muke yi, babba ke fara ɗauka. Bada ya ja da baya ya ce in zaɓa.

Mi na yi? Na kwashe su biyun zuwa rumfar masu shinkafa, na rataye su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, mutane na dariya. Ɗaya ya fi ɗaya sauƙi, bambancin bai wuce mudun shinkafa ba. Na ce marar nauyin nan shi ne nawa. Ko hawa ban yi ba.

Shi kuwa Bada ya hau kowanne, ya bi gargadar bayan tasha har kwalbati, ya dawo. Ya saki hannu, ya shiga yashi da gangan, ya sa yatsa tsakanin taya da ƙarfe. Sannan ya ja ni gefe.

"Yaya, wanda ka ɗauka ya yi maka tsawo gaba, kuma ba ya karɓar taya mai kauri. Ɗauki ɗayan. Ni ina da dogon hannu."

Jama'a, na ɗauka wayo yake yi mini don ya samu marar nauyin. Na ce masa ban zo Illo don ƙanena ya koya mini keke ba.

Tun kafin mu iso gida wuyana ya sage. Hannuwana sun mutu, kowace tsakuwa sai na ji ta a haƙorina. Kan keken ba ya da haƙuri, kuda ya sauka a kai sai ya karkata. Ya kayar da ni a yashin Lolo gaban mata masu kifi. Na waiwaya, ga Bada zaune kan nasa kamar yana kan tabarma.

Daga ranar nan nake jin haushinsa. Na faɗa gaban Liman, Allah na ji.

Ya kasance duk wanda ya rasu a garin nan, Bada ke kai labari ƙauyuka tun kafin a gama gyaran makwanci. Mu mun san dangi nawa sunka samu sallar gawa saboda shi.

Ya kasance shekarar da ruwa ya taso ba a shirya ba, waya ta ƙi shiga, babura sun maƙale a taɓo, shi ya bi ƙauyukan Kaoje yana cewa a yanke shinkafa ko ba ta gama nuna ba. Inda hanya ta yanke ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa ruwa. Keken da na ce ya yi nauyi! Ranar ni ma na fita, kar ku manta. Ƙauye biyu na kai bayana ya riƙe, na kwanta a rumfar wani Bafillace. Da aka zo godiya, sunan Bada kaɗai aka kira, kuma daidai ne. Amma na yi kwana uku ban ci tuwo da daɗi ba.

Ya kasance duk mai son sayen keke sai ya je wurinsa. Ba ya cewa wanga ya fi wancan. Cewa yake ka hau, ka bi hanyar da kake bi kullum, ka dawo ka gaya masa inda ke maka ciwo. Ni da na girme shi ba wanda ya taɓa tambayata.

Ya kasance kowace ranar kasuwar Lolo sai ya tsaya ƙofata ya ce in ɗana kekensa ko zuwa masallaci ne. Kowace rana ina ce masa nawa ya fi. Yakan yi murmushi ya rage gudu mu jera. Rage gudun nan ya fi komai ƙona mini rai.

Shi ya sa na ƙi karɓa. Na ce ko a mace ma so yake ya nuna mini shi ke da gaskiya.

Shekaranjiya matarsa Hajiya Batulu ta aiko a kira ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in je in tsaya kusa da keken. Na tsaya. Sirdin ya zo daidai ƙuguna, alhali Bada ya fi ni tsawo da kusan taƙi. Ta ce kwana biyar kafin rasuwarsa ya sa a shigo masa da keken ɗaki, ya nemi sifana. Ya hana kowa taɓawa. Ya sauke sirdin, ya ɗago kan keken, ya ce tsayin Yaya ke nan, ya sani tun Illo.

Hajiya, na ɓata miki rai da mayarwa uku, ki yafe mini. Zulkiflu, ubanku ya bar muku suna mai kyau, ku riƙe shi, kuma in an ba ku shawara ku saurara kafin ku yi zargi.

Na karɓa. Ranar kasuwar Lolo mai zuwa zan hau shi. In bai fi nawa ba zan dawo in faɗa. Amma na riga na san abin da zan tarar.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Badamasi, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya yafe mini abin da na riƙe a zuciya a kansa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya mayar da kowa gida lafiya. Liman, a yi mana Fatiha.