Digirin Manaja

A rumfar jiran bas, wata akawu tana ta jujjuya takardar tallan wata makarantar yamma. Wani magidanci mai katin ofis rataye a wuya ya leƙo.

"Malama, digirin kasuwanci za a yi? Wannan makarantar fankarsu ba ta aiki, malamin tattalin arziki kuma sai ya ga dama yake zuwa."

"Ashe can ka yi karatu?"

"Can da wasu biyu. Daga ofis sai aji, shekara da shekaru, har 'yata ta fara ce mini kawu."

Ta gyara zama. Ga wanda zai gaya mata ko aiki da karatu da raino za su haɗu wa mutum ɗaya.

"To digiri nawa gare ka?"

"Ni? Ko ɗaya. Na farko na oga ne, na biyu na mataimakinsa, na ukun na ƙanin matar oga. Ni ke zama musu a aji, in rubuta jarrabawa. Yanzu da nake son nawa, duk malaman sun san fuskata da sunan wani."

"Kai, an zalunce ka. Ni manajarmu mutuniyar kirki ce. Ita ta ce in riƙa tashi da wuri ina zuwa aji. Har rajista ta riga ta yi, ba ta bari na wahala ba."

Ya dube ta da tausayi.

"Allah sarki. Da sunan wa ta yi?"

Ta sake duban takardar da ke hannunta. Bas ta iso, amma akawun ba ta tashi daga inda take zaune ba.

Ya sa ƙafa a matakala, ya waiwayo.

"Ki dai riƙa tafiya da mafici."