Ƙarfen da Na Tokare Ƙofa da Shi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus, mijin Saratu.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun digiri na uku ya kumbura mini kai. Na daina addu'a. Idan Saratu ta ce mu durƙusa, sai in ce ina da aiki a ɗakin bincike.

Bara ni da abokan karatuna muka je bakin teku bincike, kusa da inda wani jirgin dakon kaya na yaƙin duniya na biyu ya nutse. Ragarmu ta jawo wani dunƙulen ƙarfe, duk tsatsa da ɓawon kawa. Na jefa shi a but ɗin mota, na kawo gidanmu a unguwar Wendover, na tokare ƙofar baranda da shi. Saratu ta ce, "Baban Rifkatu, hankalina bai kwanta da abin nan ba." Na yi mata dariya.

Wata huɗu 'yarmu Rifkatu tana hawa kansa tana wasa!

Wata Lahadi Saratu ta gayyato Baba Walter, dattijon nan baƙar fata da ke zama a layin gaba a nan coci, cin tuwo. Yana ganin ƙarfen, cokali ya faɗi daga hannunsa.

Ya ce, "Ɗana, ɗauki yarinyar nan. A hankali. Kowa waje."

A wajen ajiye motoci ya gaya mini yana saurayi ya yi lodin irin waɗannan a jiragen da ake ƙerawa cikin 'yan makonni. Harsashin igwa ne. Ya ce abokansa da yawa sun tafi da irin kayan nan, ba su dawo ba. Yana faɗa yana hawaye.

Muka kira 'yan sanda, suka fitar da maƙwabta duka.  Na zube a kan kwalta na ce, "Ya Yesu, ni ne mai laifi, kada ka bar kowa ya mutu saboda taurin kaina!" Baba Walter ya dafa kafaɗata, muka yi ta roƙo.

Sojoji suka zo suka ɗauke harsashin lafiya. Daga baya suka ce da ransa yake, zai iya fashewa. Da ransa, 'yan'uwa!

Ban nemi Ubangiji ba, amma ya tsare gidana. Na gode masa, na gode wa Baba Walter, na kuma roƙi gafarar Saratu. Ku dogara gare shi. Ga Rifkatu can a baya tana tsalle. Haleluya!