Inda Yake So a Tura Shi

Ina zaune a sakateriyar ƙaramar hukuma a Lafiya, goye da ɗana, sai wani dattijo ya leƙa fom ɗin saurayin da ke gefensa.

"Soja za ka shiga, samari? Me ya kai ka?"

"Kishin ƙasa, Baba."

"Kowa haka yake faɗa. Ni tsohon soja ne. Kalle ni ka sake faɗa."

Saurayin bai ɗago ba, ya ce, "Baba, in an gama horo, mutum yana iya zaɓar inda za a tura shi?"

"Ina kake so?"

"Wajen Assakio."

"Garinku ke nan. Wa kake nema a can?"

"Ba kowa."

"Wa?"

"Waɗanda suka kashe yayana a gona. Na san fuskar ɗaya."

"Ashe bindiga kake nema, ba aiki ba. To, ba za su tura ka gida ba. Ni ma saboda mutum ɗaya na shiga. Shekara ashirin da biyu ina jira."

"Kun same shi?"

"Ya mutu kafin in dawo. Yanzu a wajen ɗansa nake sayen doya."

Na tashi na ƙara tamke goyona.