Kuɓewar da ta tsare mini fili

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu! Haleluya!

Sunana Adwoa. Tsofaffin ikilisiyar nan sun san ni, mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda bakinta ba ya hutawa. Sun kuma san lokacin da bakin ya yi shiru.

Ni da maigidana Kwaku daga kudu muka zo Tamale, aikin koyarwa ne ya kawo shi. Muna haya a Zogbeli ya kai goro wurin sarki, aka yanka mana fili a Jisonayili. Kowace Asabar yana can tare da magina, har gini ya kai tsayin taga. Wata Asabar ya dawo daga can yana kukan ciwon kai. Kafin mu ankara, Ubangiji ya kira shi.

Daga nan na tsani filin. In mai keken hayan nan yalo-yalo ya karkata hanyar Jisonayili, sai in ce ya sauke ni. Na bar ƙungiyar mawaƙa, na koma kujerar baya. Fasto ya ce Allah mai alheri ne, in ce amin da baki, zuciyata kuwa ta juya baya. Baƙin ciki ciwo ne, 'yan'uwa! Shekaru na yi a cikinsa, ina ci ina sha amma ba na raye.

'Yata Abena ce ta gaji. Ta ce, "Maa, kullum mutane suna zuwa shagonki neman ɗakin haya, kina haɗa su da masu gida. Yanzu dillancin gidaje da filaye sai da lasisi. Na sa sunanki a kwaleji."

Na ce, "Ni? Da furfurata? Ba ni zuwa kraa, ko kusa!"

Ranar Litinin ta zo da babur, ta tsaya a ƙofa tana danna oda har maƙwabta suka leƙo. Don kunya na hau.

Haka na zauna a aji cikin sa'o'in 'yata, suna ce mini Kaka. Aka koya mana dokar filaye, da karanta taswirar fili, da ƙiyasta darajar gida, da riƙon amana tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ranar da aka zo awo na ce su matsa, ni da na tsufa ina auna yadi. A ajin nan na fara jin dariyata ta dawo.

Sai wata rana malaminmu ya yi bayanin filin da sarki ya yanka wa mutum. Ya ce da sharaɗi ake bayarwa, cewa za ka gina. In ka bar shi ciyawa ta cinye, ana iya karɓewa a ba wani. Abin da Kwaku ya bar mana kenan a duniya, ni kuwa ko leƙawa ban yi ba!

Kafin a tashi ya ba mu aiki. Kowa ya nemi ginin da ba a gama ba, ya gano duwatsun iyaka na kusurwoyin filin, ya auna, ya kawo bayani. Wanda bai kawo ba ba zai zauna jarrabawa ba.

Na yi dabara. Na tafi Gurugu na roƙi wata ƙawata in auna nata ginin. Ina cikin jan tef ɗin awo sai na naɗe shi. Ga ni ina auna gumin mijin wata, na mijina ban san ko yana nan ba.

Da tsakar rana na shigo cocin nan, ba kowa. Na durƙusa can wajen kujerar baya na ce, "Ya Ubangiji, ka san fushi nake yi da kai. Ka ɗauke Kwaku ba ka shawarce ni ba. Yanzu ina tsoron filin ma ya tafi. Ban ce ka dawo da komai ba. Ka riƙe mini ƙafata kawai in je in gani." Na yi kuka har na gaji. Da na miƙe, nauyin da ke ƙirjina ya sauka.

Washegari da safe na tafi. Na shirya ganin daji, ko katangar wani.

'Yan'uwa, kuɓewa na gani! Layi-layi, kore shar, tun daga bakin hanya har jikin ginin. An share cikin ɗakunan, an shafa wa duwatsun iyaka farar ƙasa. Wata dattijuwa da mayafi tana duƙe tana tsinka.

Ta yi mini ina kwana da yaren garin, ta ce, "Dasiba." Na ce, "Naa." Sai halina ya motsa, na ce, "Mma, wa ya ba ki wurin nan?"

Ta dube ni da kyau. "Ke ne matan Ticha?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Ni Azara, ga gidana can. Ranar da maciji ya sare ni, Ticha ya bar aikinshi ya kai ni asibiti a babur. Da na ji ya rasu, na ce ba za a ga ciyawa a filinshi ba. Mutanen sarki sun zo da mai saye, na ce musu mai fili tana takaba, ni ke noma mata. In sun dawo, haka nake faɗi." Ta yi murmushi. "Maame, takabarki ya yi tsawo paa!"

Na rungume ta ina dariya ina kuka. Ina Zogbeli ina cewa Allah ya manta da ni, ashe ya sa Musulma maƙwabciya tana yi mini gadi da fartanya! Ita ta riƙe mini bakin tef ɗin muka auna filin, ko taku ɗaya bai ragu ba.

Na ci jarrabawa, na karɓi lasisi. Filin farko da na bi takardunsa har suka kammala shi ne na Kwaku. Mun rufa ɗaki ɗaya, a ciki nake kwana yanzu. Bayan gida kuwa gonar Mma Azara ce muddin ina raye.

Kai da ke zaune a kujerar baya, ke da ke tsoron wata hanya a garin nan, ku dogara ga Yesu. Yana aiki a wurin da kuka kasa dubawa.

Kwandon nan da ke gaban bagade, Mma Azara ce ta cika shi da kuɓewa da safen nan. Ta ce in kawo godiya, in kuma gaya muku takaba ta ƙare.

Na gode wa Ubangiji! Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!