Ɗan Tsurut Zai Tafi Kanada

A tashar jirgin ƙasa ta Omsk, a ƙasar Rasha, wani dattijo ya nuna wa matar da ke gefensa hoto a jarida.

"Kin ga Zakhar, mai buga wasan hokin ƙanƙara? Wai wata ƙungiya a Kanada za ta ɗauke shi. Wannan ɗan tsurut? Murƙushe shi za su yi!"

"Haka kocinsa na farko ya ce, baba, ranar da ya kore shi."

"Ke ina kika sani?"

"Ni na jawo hannunsa gida yana kuka."

Dattijo ya ninke jaridar. "Au... to, ai yana da gudu."

"Gudu kaɗai? Mosko za ni neman biza. Ya ce ba zai sa hannu a kwantiragin ba sai uwarsa na wurin."